Fis ɗin da kika gani a farantin yara

Yaya, kin ce a hoton da na turo miki kin gane shinkafa da miya, kin gane kaza, amma koren fis ɗin da aka tara gefe guda shi kaɗai, ba cikin soyayyar shinkafa ba, shi ne ya ɗaure miki kai. Da na ce daga firiza na ɗauko kuma sai hankalinki ya tashi. Na fahimce ki. A gida abin da ya daɗe a firiza abin zargi ne, tunda wuta tana zuwa tana tafiya.

A nan Ingila ana noman fis a gabashin ƙasar, wajajen Linkonsha da Nofok da Yoksha, kuma kakarsa ba ta wuce kamar mako 8 ba, tsakanin Yuni da Agusta. Da zarar an tsinke shi, zaƙinsa yake fara komawa sitaci, ya zama gari-gari a baki. Shi ya sa kamfanoni irin su Birds Eye suke tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, su daskarar da shi cikin awa 2 da rabi da barin gona. Wanda kike saye a Yankaba, ki ƙirga kwanan da ya yi a hanya daga Jos, da wanda ya yi a faifan mai kayan miya. Wallahi Yaya, nawa ya fi shi kusa da gona.

Abin da ya sa muka rungume shi kuwa, kewar ganye ce. Ɗanyen zogale da rama da yakuwa ba sa samuwa yadda muke so, busasshe ne yake zuwa a akwatin matafiya, muna tattalinsa kamar magani. Hunturu ya shigo, ƙarfe 4 duhu ya yi, uwa tana son yaranta su ci wani abu kore. Su kuma sun saba a makaranta ana sa musu kayan lambu a gefen faranti. A nan muka haɗu da su.

Kuskurenmu ɗaya, muna yi masa dahuwar wake. Shekarata ta farko haka na riƙa barinsa a wuta har ya yamutse, korensa ya dushe, yara su ture. Ai ya riga ya sha ruwan zafi tun a kamfani, ɗumamawa kawai yake so. Ba na jira ya narke. Ina soya albasa a man shanu har ta yi laushi, da attaruhu rabi, in juye fis ɗin da ƙanƙararsa, in sa ruwa cokali 2, in rufe. Minti 3 na sauke, sannan gishiri. Kanwa kada ta kusance shi, dagargaza shi take yi. Turawa bota da na'a-na'a suke sa wa nasu. Maƙwabciyata 'yar Zangon Kumasi da shito, soyayyen yajin mutanen Gana, take ci, ni kuma ranar da babu attaruhu yaji nake barbaɗawa.

In kin ga irinsa a manyan kantunan Kano kina son gwadawa, ki girgiza ledar tukuna. In ƙwayoyin suna motsi ɗai-ɗai suna ƙara kamar tsakuwa, ki ɗauka. In ya dunƙule wuri guda, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ki bar musu, ki koma wajen mai kayan miyarki.