Amsa ga ƙanwarmu mai shirin tarewa a Bethesda

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, saukowata ke nan daga aikin asibiti. Ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce maigida ya samu aiki a Bangor da ke arewacin Wales a Birtaniya, an nuna muku gida mai sauƙin haya a Bethesda, kina tambaya ko wurin zai zaunu. To shekarata uku ke nan a garin, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Abin da zai fara tarbarki shi ne shiru. Wallahi daren farko ban runtsa ba. Ni da na tashi a Fagge, kunnena ya saba da kiran sallah da ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita, sai ga ni ba na jin komai sai gudun kogin Ogwen da kukan tumaki a kan tudu. Ai tumakin Wales sun ninka mutanenta kusan sau uku. Kuma ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa ya ce ya zo gaisuwa. Watannin farko na sha kuka, musamman a Disamba, da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa.

Na ɗauka mutanen ba sa son baƙo ne. Ashe ba haka ba ne, kara ce da su, ba sa son su takura miki, suna jira ki fara. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, ta haura saba'in. Ranar da na ce mata “bore da”, wato ina kwana da yarensu na Welsh, sai ta saki kwandon shanyarta ta matso katanga tana murmushi. Washegari ta kira ni shan “panad”, haka suke ce wa kofin shayi a arewacin Wales. Da ƙaramar sallah na kai mata waina da miyar taushe, ta ci har da neman ƙari. Yanzu in na yi aikin dare na manta ranar kwashe shara, kafin in dawo ta riga ta fitar min da mazubaina bakin hanya.

Ita ce ta ba ni labarin garin. Wannan katafaren rami da za ki hanga a jikin dutse, mahaƙar Penrhyn ce, inda ake fasa baƙin dutse fale-fale na rufin gida. Leburorin wurin sun yi yajin aiki daga 1900 har 1903, kuma masu yajin sun riƙa manna takarda a taga an rubuta “babu maci amana a gidan nan”. Ta ce min har yau akwai dangin da ake tuna ɓangaren da kakansu ya tsaya. Ki ga ke nan, garin shiru ne amma kowa ya san asalin kowa, kamar dai ƙauyukanmu. Saboda haka ki iya bakinki a shago.

Maganar yara kuwa, ki shirya: makarantun firamare na gundumarmu ta Gwynedd da Welsh ake koyarwa, ba Turanci ba. Da farko hankalina ya tashi. Amma suna da cibiyar da ake kai yara baƙi su koyi yaren tukuna, yanzu ɗana shi ke fassara min takardun makaranta. Maganin da likita ya rubuta kuma kyauta ne a Wales tun 2007, ba kamar Ingila ba.

Sai ki matsa wa maigida kan mota, ke ma ki koyi tuƙi. Bangor kamar mil 5 ne, akwai bas, amma ranar Lahadi da dare sai a hankali. Masallaci yana Bangor, can ake Juma'a, can muke sayen naman halal. Manja da daddawa da kuka kuwa, mukan haɗa kai mu je Manchester mu yo sari. A cikin unguwanni kada ku wuce gudun mil 20 a awa, dokar ta fara aiki tun Satumban 2023.

Kafin ku sa hannu a takardar haya, ki je da kanki ki duba bayan kabad da kusurwar taga. Tsofaffin gidajen dutsen nan suna jan danshi, in kin ga baƙi-baƙi a bango ko kin ji warin raɓa, ki haƙura da gidan komai arharsa, don kuɗin ɗumama shi zai cinye rarar. Ki sanar da ni ranar da za ku zo, in ba na aiki sai in ɗauko ku a tashar jirgin ƙasa ta Bangor mu je mu duba tare, ku ci abincin rana a gidana.