Kayan Doki da Makamai a Tuddan Sarmatiyawa: Me Ya Sa Babu Gawa?

Wani ya tambaye ni dalilin da ya sa ake tono linzami, kwalkwali da mashi a tuddan kabarin Sarmatiyawa ba tare da ƙashin mutum ba, ko dukiya ce aka ɓoye don gudun ɓarayi.

Sarmatiyawa makiyaya ne mahaya dawaki da suka yi zamani a filayen Kogin Volga da Don da arewacin Bahar Aswad. Irin waɗannan tarin kaya, musamman na ƙarni na 3 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, yawanci iri ɗaya suke: linzami, faya-fayan azurfa na adon doki, kwalkwali, wani lokaci da tukunyar tagulla. Wannan maimaituwar ce ta sa masana da dama suke ganin al'ada ce ta ibada ko ta girmama shugaba, domin mai ɓoye dukiya cikin firgici ba ya zaɓe. Ni ma nan na karkata.

A tudun Dachi kusa da garin Azov na kudancin Rasha, a 1986, an tarar an wawashe kabarin tun da daɗewa, amma wani rami a gefe ya tsira da kayan doki na zinariya da wuƙa mai kube da aka yi wa ado da shuɗin dutse.

Kada ka gauraya Sarmatiyawa da Sikitiyawa, wasu makiyayan da suka gabace su, kuma kada ka nemi likkafa a cikin kayan, Sarmatiyawa ba su san ta ba. Game da shekarun wani kaya kuwa, hoto kaɗai ba ya wadatarwa. Sai ka tuntuɓi masanin tonon kayan tarihi ko gidan tarihi na Azov, domin wurin da aka tsinci abu shi ne babbar shaida.