Me Ya Sa Turarena Yake Ƙamshin Hoda?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan lefena an sako mini kwalbar Flower by Kenzo, kuma ina matuƙar son ƙamshinsa, sai dai ƙawayena sun ce ƙamshin hodar jarirai yake yi, sannan jim kaɗan bayan na fesa ni kaina ba na ƙara jin sa. Shin jabu aka saya mini, ko haka irinsa yake?
Daga wata amarya a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, amarya, Allah ya sanya alheri. Abubuwa biyun da kika ambata ba alamar jabu ba ne, halin wannan jinsin turare ne, wanda aka gina a kan ƙamshin furanni mai laushi da ke kwanciya a fata tamkar hoda. Alberto Morillas ne ya haɗa naki, ya fito a shekarar 2000, kuma a cikinsa akwai furen bayolet da wardi da banila da farin almiski. Jan furen da ke jikin kwalbar ba shi da wani ƙamshi na a zo a gani, ado ne kawai.

Ƙawayenki ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin tun da daɗewa masu yin hodar fuska a Turai suna zuba garin saiwar furen iris, mai ƙamshi irin na bayolet, a cikinta, har hanci ya saba danganta wannan ƙamshi da hoda. Wannan saiwa kuwa tana cikin kayan turare mafi tsada a duniya. Ana noma ta a yankin Tuskani na Italiya, kuma bayan an tono ta an feɗe bawon, sai an ajiye ta kimanin shekara 3 tana bushewa kafin ƙamshinta ya fito. Ita ce ginshiƙin turaren Infusion d'Iris na kamfanin Prada, wanda ya fito a 2007, tana kuma cikin turaren L'Heure Bleue na kamfanin Guerlain, da ake sayarwa tun 1912.

Batun ɓacewar ƙamshi kuwa, ga dalilinsa. Ƙamshin bayolet yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna ayonon, wanda masana biyu Jamusawa suka fara haɗawa a 1893, kuma an san shi da gajiyar da hanci na ɗan lokaci. Farin almiski ma hanci yana saurin sabawa da shi. Don haka ke ba kya ji, alhali wanda ke kusa da ke yana ji. Ki fesa a gefen mayafinki da safe, ki ba wata ta shinshina da la'asar. Idan na ainihi ne, za ta tarar da sauran ƙamshi mai laushi. Jabu kuwa yakan fara da kaifin sinadari mai hawa kai, ya ɓace sarai.

A ganina, darajar irin wannan turare tana cikin natsuwarsa, domin ba ya riga mai shi shiga ɗaki, ya fi dacewa da wurin aiki da zaman gida. Kada ki haɗa shi da humra mai nauyi ko kayan da suka sha turaren wuta, domin za su danne shi gaba ɗaya. A lokacin hunturu ki fara shafa mai marar ƙamshi, tunda busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sannan ki ajiye kwalbar cikin kwalinta, nesa da rana da zafin mota.