Amsa ga ɗan'uwan da maigidansa ya ce inji zai maye gurbinsu idan suka nemi ƙarin albashi

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, amma na dakata har sai da na koma kan tsofaffin littattafan lissafina, domin ba na son in amsa maka da ka a kan abin da ya shafi tuwon gidanka. Ka ce kana aiki a wani gidan ruwan leda a Marwa, ku goma sha biyu ne, ana biyan kowannenku sefa dubu 40 a wata, kuma da kuka tuna wa maigida cewa doka ta ce dubu 60, sai ya ce muddin kuka matsa masa zai sayo inji ya sallami rabinku, kamar yadda ake yi a Amurka. Kana son ka san ko da gaske ƙarin albashi ne ke kawo inji, ko kuwa barazana ce kawai don ku yi shiru.

Ni na shekara 19 a gidan burodi a Garwa. Da kwaɓa fulawa na fara, daga nan na koma bakin tanderu, yanzu kuma lissafi da biyan ma'aikata ne a hannuna. Saboda haka na taɓa zama wanda ake tsoratarwa da inji, na kuma zauna a teburin da ake yanke shawarar sayensa.

Da farko, maganarku ta doka daidai ce. Tun daga shekarar 2014 mafi ƙarancin albashi a Kamaru, wanda muke kira SMIG, sefa 36,270 ne, kuma ya tsaya cak a nan kusan shekara tara. A watan Maris na 2023, bayan an ƙara kuɗin man fetur daga 630 zuwa 730 a kan lita, Firaminista Joseph Dion Ngute ya sa hannu a kan dokar da ta raba shi gida uku: 41,875 ga ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, 45,000 ga masu aikin gona, sai 60,000 ga sauran sassa, kuma a wannan kaso na ƙarshe gidan ruwa da gidan burodi suke. Maƙwabtanmu na Cadi sun daɗe a kan dubu 60 ɗin, tun 2011. Wato abin da kuke nema ba alfarma ba ne, haƙƙi ne da aka rubuta.

Yanzu ga abin da na gani da idona. Lokacin da na shiga aikin, mu shida ne a kan kwamin kwaɓi. Ƙarfe biyu na dare muke tuɓe riguna, a juye buhun fulawa mai kilo 50, a zuba ruwa da yis da gishiri, mu duƙa muna murzawa da hannu da gwiwar hannu har ƙullun ya daina manne wa fata. A watan Afrilu na Garwa, ga zafin gari ga zafin tanderu, gumi kan zubo maka cikin ido ba ka da hannun gogewa. Duk wanda ya shekara biyar a wannan aiki za ka gane shi daga yadda yake miƙewa idan ya tashi daga tabarma. Injin kwaɓi ya shigo gidanmu ne a lokacin da albashi bai motsa ba ko da dala ɗaya, babu wanda ya yi yajin aiki, babu wanda ya buɗe baki ya nemi ƙari. Abin da ya kawo shi abu uku ne: an ja babbar waya ta wuta zuwa layinmu, maigida ya kwashi adashinsa, sannan wani ɗan'uwansa a Duwala ya samo masa tsohon inji da aka sauke a tashar jirgin ruwa cikin rahusa. Cikin mako biyu, mu shida muka koma biyu a wajen kwaɓi.

Wannan ne ya sa nake ce maka shirun ma'aikaci ba ya hana inji zuwa. Ɗauki alƙalami ka bi ni. A ce injin ya ci sefa miliyan 3, kuma yana yin aikin mutum huɗu. A tsohon albashi na 36,270, mutum huɗu suna cin 145,080 a wata, wato cikin kimanin wata 21 injin ya mayar da kuɗinsa. A sabon albashi na dubu 60, mutum huɗu suna cin 240,000, injin ya mayar da kuɗinsa cikin kimanin wata 13. Bambancin wata takwas ne kacal. Ban sa kuɗin wuta da gyara a ciki ba, kuma idan an sa su lokacin zai ƙaru a ɓangarorin biyu, amma abin lura shi ne injin yana da riba tun kafin a yi ƙarin. Ƙarin albashi yana iya gaggauta sayensa, wannan ba zan ɓoye maka ba, amma ba shi ne ya haife shi ba. Maigidan da ke da kuɗi da wuta da makaniki zai sayi inji ko da kun yarda da dubu 30, wanda kuma ba shi da su ba zai saya ba ko da kun karɓi dubu 70.

Wuta kuwa a arewacin nan ba ƙaramar magana ba ce. Garwa da Marwa da Ngaundere sun daɗe suna dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma a shekarun da ruwa ya ja baya sosai mun kwana da yawa cikin duhu, kafin tashoshin hasken rana na Gider da Marwa su ɗan rage wahalar. A irin waɗannan darare injinmu yakan zama ƙarfe kawai a tsakar ɗaki. Tayar da janareto kuwa, da gas ɗin da ya kai 828 a kan lita tun Fabrairun 2024, yana cinye ribar daren gaba ɗaya. Sau da yawa ni da kaina na hau babur ƙarfe ɗaya na dare ina buga ƙofar waɗanda aka sallama, ina roƙonsu su zo su kwaɓa mana buhu huɗu. Akwai kuma lokacin da wani ƙarfe ya karye a cikin injin, muka yi kwana 18 muna jiran a kawo irinsa daga Kano. Maigidanka ya san duk wannan fiye da kai, domin injin da ke cika leda yana liƙe bakinta ya riga ya kasance a gidanku, kuma ya san yadda yake ji ranar da ya tsaya. Aikin da ya rage muku shi ne ƙirga ledoji cikin jaka, ɗaurewa, lodi a mota da saukewa a shaguna. Injin da zai shiga lungunan Domayo ya sauke jaka goma a ƙofar mai shago bai zo ƙasar nan ba tukuna.

Game da Amurka da ya ambata, gaskiya ne a gidajen abinci irin su McDonald's an kafa alluna da mutum zai latsa ya zaɓi abincinsa ba tare da ya yi magana da kowa ba. Amma mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyarsu dala 7.25 ne a awa ɗaya tun 2009, bai motsa ba, kuma allunan sun bazu har a jihohin da ba su ƙara ko sisi a kan wannan ba. Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan batun. A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba, sai wasu malamai biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci na ɓangarorin biyu suna ƙirga ma'aikata, ba su kuwa ga cewa aiki ya ragu a inda aka yi ƙarin ba. Wasu masanan sun soki binciken, har yau ba a rufe muhawarar ba, amma Card ya karɓi lambar Nobel a 2021. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne, a can ɗan'adam ne mai tsada, inji da wuta da bashin banki masu araha. A nan kuwa ɗan'adam ne mai araha, duk sauran masu tsada ne. Shi ya sa har gobe da hannu ake cirar audugar da kamfanin auduga na Sodecoton ke saye, alhali a Texas mota ce ke cirarta.

Sai dai zan zalunce ka idan na bar ka da zaton cewa babu wanda inji ya cuta. A cikin mu huɗu da aka cire daga kwami, ni na tsira ne don na yi makaranta har na iya rubutu da lissafi da Faransanci. Biyu sun karɓi keke suna kai burodi unguwanni, domin da inji ya zo abin da muke gasawa ya ninka, aka bukaci ƙarin masu rabawa. Na huɗunmu dattijo ne da ya haura hamsin, bai iya karatu ba, gwiwarsa ba ta ɗaukar keke. Ya koma bugun bulo a bakin kogi, kuma ranar da na gan shi yana jera bulo a rana tsaka, da hannuwan nan da suka koya mini murza ƙullu, na kasa haɗa ido da shi. Idan masu ilimi suka ce inji yana kashe aiki ɗaya ya haifi biyu, ba ƙarya suke yi ba, amma ba lallai ne wanda aikinsa ya mutu shi ne zai sami sabon ba.

Kuma ka lura da waɗanda inji ya fi tura wa gefe a garuruwanmu. Matan da ke surfe da daka a gidajen masu hali, injin niƙa ya karɓe aikinsu tun muna yara. Masu turin kura a babbar kasuwa, babur mai ƙafa uku ya kwashe musu lodi. Yaran da ke zama ƙarƙashin lema suna sayar da katin waya da kira na minti ɗaya, Orange Money da MTN Mobile Money sun sauya musu sana'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa karɓar SMIG, babu wanda ke da takardar aiki, ballantana a ce tsadar albashinsa ce ta jawo masa. Su ne mafi araha a kasuwar, kuma su aka fara turewa.

Abin da nake jiye muku tsoro ba inji ba ne, wani abu ne da na gani a gidanmu bayan dokar 2023, kuma ina cikin waɗanda suka rubuta shi a littafi. Fulawa ta riga ta yi tsada tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022, farashin burodi kuma ba a hannunmu yake ba, gwamnati ce ke ƙayyade shi. Da dubu 60 ta zo, maigida bai sayi ko ƙusa ba. Abin da ya yi shi ne ya bar mutum biyar a kan albashin wata, sauran ya mai da su 'yan aikin yini, a biya ka gwargwadon buhun da ka yi, ranar da ba wuta ba ka da komai, ranar da ka kwanta ciwo ba ka da komai, sunanka kuma ba ya cikin rajistar CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato babu fansho, babu kuɗin iyali, babu diyya idan inji ya cinye maka yatsa. Na yi masa magana, ya buɗe mini littafin da ni na rubuta, ya ce in nuna masa inda kuɗin zai fito. Ban ce ya kyauta ba, kuma har yau abin yana damuna, amma ban ce ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. Ƙaramin mai sana'a yana tsakanin haraji da kuɗin wuta da masu saye da ba su da kuɗi, kuma wuyan ma'aikaci ne wuri mafi taushi da zai danna.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku tsaya jayayya da shi a kan inji, ku mai da maganar kan takarda. Ku je masa ku goma sha biyun tare, da ladabi, zai fi kyau da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku nemi a rubuta wa kowa yarjejeniyar aiki, a sa ku a CNPS, a riƙa ba ku takardar biya duk wata. Idan ya ce dubu 60 ta yi masa nauyi a lokaci guda, ku nemi ya rubuta watan da zai cika ta, ya sa hannu, domin alkawarin baki ba ya zuwa ofis. Ku riƙa rubuta awannin da kuke yi a wani ɗan littafi, tun da dokar ƙwadago ta 1992 ta ce awa 40 ne a mako ga wanda ba aikin gona yake yi ba, abin da ya haura kuwa yana da nasa kuɗin. Idan magana ta ƙi, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Marwa, shi ke fara zaunar da ma'aikaci da maigida don sulhu kafin a kai ga kotu, kuma ba a biyan kuɗi a kan haka. Kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai, domin sallamar mutum ɗaya abu ne mai sauƙi.

Kai kuma a karan kanka, ka matsa kusa da injin da ke gidanku. Duk ranar da makaniki ya zo, ka tsaya a bayansa, ka riƙe masa fitila, ka miƙa masa sifana, ka tambaye shi dalilin da ya sa leda ke yoyo idan zafin ƙarfen liƙi ya ragu, da yadda ake sauya matatar ruwa, da yadda ake gane famfo ya fara gajiya daga ƙararsa. A gidanmu yaron da ya yi haka shi ne yanzu ake kira daga gidajen burodi uku idan injinsu ya tsaya, kuma shi ke faɗin kuɗin aikinsa. Idan kun zauna da maigidan naku, ka dawo ka gaya mana abin da ya ce game da CNPS ɗin, domin daga amsarsa a kan wannan zan fi gane inda ya dosa. Allah Ya rufa asiri.