Amsa a kan labarin aljanin Sawakin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na karanta labarin fim ɗin da ka turo, inda kake tambayar dalilin da ya sa bai tsorata kowa ba alhali aljani ya bayyana har sau bakwai. Yawan fitowar ya rage masa kwarjini, amma babban aibin shi ne aljanin ba ya bin Hajara, jarumar labarin, bashin komai.

Ka dace da ka zaɓi Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan a bakin Bahar Maliya, a matsayin wurin da labarin ya faru. Gidajenta na dutsen murjani sun koma kango tun da ciniki ya koma Bur Sudan bayan buɗe tasharta a 1909, mutanen Sawakin suna ɗaukar kyanwoyin garin aljanu, ga kuma zancen da ake yi cewa a can Annabi Sulaimanu ya ɗaure su. A nan ne kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa suke jiran jirgin ruwan Jidda. Sai dai Hajara ta shiga kangon ne don ɗaukar hoto kawai, wato ko wata ce ta shiga, abin da zai same ta ke nan. Ka sa kakanta ya ci amanar guzurin wani maniyyaci da ya rasu a can, a kan wannan dukiya aka kafa gidansu, yadda abin da ke bin ta zai zama yana da haƙƙi, mai kallo kuma ya rasa wanda zai goya wa baya.

Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim, naka kuwa shafi 90 ne, kuma tun a shafi na 3 ka nuna fuskar aljanin. Ka ɓoye ta sai an wuce shafi na 60. Kafin nan ka kafa masa ƙa'ida guda: ba ya zuwa sai da almuru, kuma sai inda aka zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Da zarar mai kallo ya gane haka, ganin tukunya a kan wuta ma zai tayar masa da hankali. Hajara ta gano asirin kakan a wajen shafi na 45.

Mahaifiyar Hajara ce ta fi ba ni takaici, domin ba ta da zance sai "ku yawaita addu'a". Ka sa ta san asirin tun tana amarya, ta yi shiru don kare sunan gidan mijinta. Malamin ruƙiya kuma kada ya gama aikin shi kaɗai kamar yadda ka yi a ƙarshe. Ya yi karatu, ya gaya mata cewa sai an mayar wa magada haƙƙinsu, Hajara ce za ta zaɓa tsakanin tona asirin kakanta da rasa ɗanta.

Ka sake rubuta shafuka goma na farko, ka turo mini kafin Juma'a in Allah ya kai mu.