Tambayoyin Masu Karatu: Waya kadai gare ni, zan iya hada fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dalibi ne daga Daura, kullum a majalisarmu gardamar kenan, wasu sunce fim ya mutu, da na Hausa da na Indiya da na Amurka duk jirgi daya ya kwaso su, labari guda ake ta jujjuyawa. Ni kuma ina son harkar sosai amma banda kowa a Kano, waya kadai gare ni. In hakura ne?

AMSA: Wa alaikumus salam kanena. Kada ka hakura.

Abokanka suna da gaskiyarsu, saidai su kalli inda cutar ta faro. Tun 1990 da kungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim din Hausa a kan kaset ya tsaya, daga baya faifan CD, dan kasuwar Kofar Wambai ya saya ya raba har Katsina da Maradi, furodusa ya maida kudinshi ya sake zubawa. Da masu tura fim a waya suka zo suna loda ma mutum finafinai a memori da dan kudi kalilan, kasuwar nan ta ruguje. Yanzu an koma YouTube da fim mai dogon zango, shi kuma YouTube yawan kallo yake biya, dole duk sati ka saki sabon kashi ko masu kallo su watse, shiyasa zakaga labarin da bai wuce awa biyu ba an ja shi shekara guda, wani lokacin ma a lokeshan ake rubuta abin da za a fada, jarumi na zaune yana jira. Wallahi abin nan yana mani ciwo, don akwai masu basira a ciki, gaggawa ce ke cinye su. Amurka ma tsoron asara ne yasa manyan kamfanoni ke ta kashi na biyu da na uku na abin da ya taba ciniki.

Amma fa kada a ruda ka cewa na da duk masu kyau ne. An kwafi Indiya son rai a lokacin, masu kyaun ne kawai muke tunawa.

Wayarka ta isa ka fara. Rubuta labarin minti 10, mutum biyu ko uku, gida daya, ka karanta ma wani da baki kafin ka dauki komai, in ya fara hamma ka koma ka gyara. Kuma ka dauko shi daga inda kake. Garin da ke da rijiyar Kusugu, ga Kongolam nan kusa mutane na ketare iyaka kullum da kaya da bashi da aure, mi zai kai ka aron falon Abuja?

Dan kudin da ka samu ka fara sa shi a maik, irin karamin nan da ake makalawa a riga. Mai kallo yana hakuri da hoto mai dan duhu, amma da ya ji iska na busawa ko karar janareto da babur sun danne magana to ya tafi kenan. Dauka kuma da safe ko bayan la'asar, ranar tsaka tana kona fuska ta sa inuwa a ido. Ka kafa wayar a kwance kan abu tsayayye, ka dauki fitowa daya daga nesa da kusa, don in kazo editin a manhajar CapCut ta hada bidiyo ka samu abin yankawa. Ka nemi izinin mai gida da mai unguwa kafin ka tara mutane, kuma ka ciyar da wadanda suka taimaka maka ko ba ka biya su ba.

In kaga abin ya kama ka da gaske, akwai makarantar koyon fim ta kasa a Jos, karkashin Hukumar Finafinai ta Najeriya wadda aka ba Ali Nuhu shugabancinta a 2024. Ka nemi bayanin daukar dalibai. In ka gama na farkon ka turo mana mu gani, Allah ya dafa maka.