Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai masu cin abinci da kartar poka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a nan Yelwa, Bauchi. Akwai abokina da muke ɗaki ɗaya, kullum cikin kallon bidiyon turawa masu buga poka yake a YouTube, wai shi a dole ba caca ba ce ilimi ne kamar dara, har akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai ita. Yanzu ya fara shiga gasa ta intanet da dubu biyu dubu uku, kuma ya matsa min lamba in kawo nawa mu haɗa. Don Allah gaskiya ne ko zuƙi ta malle yake min?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. To abokin naka bai yi maka ƙarya duka ba, rabin labarin dai ya ba ka ya riƙe rabi a aljihu. Eh akwai masu cin abinci da ita. Babbar gasarsu World Series of Poker tun 1970 ake yin ta a Las Vegas ta Amurka, kuɗin shiga babban zagayen kaɗai dala 10,000 ne, kuma a 2023 mutum 10,043 suka shiga, wanda ya cinye Daniel Weinman ya tafi da dala miliyan 12.1. Na san kuma labarin da ke ruɗar su abokin naka, na Chris Moneymaker ne, wani akawu daga jihar Tennessee (kuma sunansa ne na gaskiya fa ba laƙabi ba) wanda a 2003 ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin poka na intanet mai suna PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar, ya doke kowa cikin mutum 839 ya kwashi dala miliyan 2.5. Daga nan ne duniya ta rikice kowa ya ga ai shi ma zai iya, a 2006 masu shiga sun kai 8,773.

Amma tsaya ka tambayi kanka, wannan miliyoyin daga ina suke fitowa? Ba gwamnati ke bayarwa ba, ba gona aka noma ba, kuɗin sauran mutanen da suka zauna a teburin ne, kuma a yawancin gasa wajen mutum 15 cikin 100 ne kawai ke fita da wani abu, sauran duk hannu rabbana, sannan kafin a raba ma sai masu gidan sun zare kamashonsu, su kam ko wa ya ci ko wa ya faɗi sun ci. Su ƙwararrun har suna suke da shi na irinku sababbin shiga, kifi suke ce muku, kuma farautar teburin da kifi ya yi yawa na cikin sana'ar. Wato ƙwarewar gaskiya ce, sai dai abincinta shi ne dubu ukun abokinka.

Ko su manyan ba duka suka wanye lafiya ba. Stu Ungar sau uku yana cin babbar gasar, 1980 da 1981 da 1997, da yawa na ganin ba a taɓa yin mai kaifin kai irinsa ba a harkar, amma a Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas yana ɗan shekara 45, ƙwaya da caca sun cinye komai. Hatta dala miliyan ɗayan da ya ci a 1997 raba ta ya yi da wanda ya biya masa kuɗin shiga, kuma haka da yawansu suke, wani ke zuba jari su buga a raba, shi ya sa lambar da ka gani a allo ba ita ke shiga aljihunsu ba.

Maganar wai ba caca ba ce kuwa, haba ƙanina, duk wasan da za ka ajiye kuɗi in ajiye wanda ya ci ya kwashe ai sunansa caca ko da digiri ake buga shi, ka buɗe Suratul Ma'ida aya ta 90 ka ga tare da me aka jera ta. Ka riƙe kuɗin handawut ɗinka.

TAMBAYA: Malam ni dai kallo kawai nake ba na bugawa, amma abin da ke ɗaure min kai, wani zai yini yana zubar da katinsa wani kuma kowane zagaye sai ya tura kuɗi, wa ya fi iyawa a cikinsu? Daga mai shagon cajin waya a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ɗan uwa salo ne kowa da nasa. A irin da aka fi nunawa wato Texas Hold'em kati biyu ake ba kowa a ɓoye sai a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa. Akwai mai ƙanƙamo, shi ba ya shiga sai katinsa ya yi kyau sosai amma in ya shiga da ƙarfi yake shiga, wannan shi ake fara koya wa mutane. Akwai mai sakin hannu da ke shiga da kusan komai yana ta matsa wa mutane har su rasa gane yaushe yake da kaya yaushe burga ce kawai. Sai ɗan amshin shata, duk abin da aka sa sai ya bi, ba ya ƙari ba ya janyewa, to wannan shi ne abincin kowa. Daniel Negreanu ɗan Kanada ya yi suna ne da surutu a tebur yana jan mutum da hira har ya faɗa masa katin da ke hannunsa, Phil Ivey kuma shiru ne da zare ido, Phil Hellmuth mai warwaron zinare 17 (irin wanda ake ba wanda ya ci gasa a World Series of Poker) da ya fi kowa yawa, shi in aka cinye shi masifa yake kamar an taka masa sawu a kasuwa. Shi kansa Moneymaker burga ce ta taimake shi, ya tura duk abin da ke gabansa alhali ba shi da komai, abokin karawarsa Sam Farha da ya fi shi kati ya tsorata ya ajiye.

Sai dai fa duk wannan karanta fuskar a intanet ba ta da amfani tunda ba ka ganin kowa, ba ka ma san ko mutum ne ba. Tun 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu, a 2019 kuma Pluribus ta yi hakan a teburin mutum shida. Ga kuma batun amana, ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka uku, masu kuɗi a Full Tilt, ɗaya daga cikin shafukan, suka wayi gari ba halin cirewa, wasu sai bayan shekaru suka ga kuɗinsu, kuma waɗannan a Amurka suke da lauyoyinsu balle kai da ke Jekadafari.

TAMBAYA: Malam an turo min saƙo a WhatsApp wai lambata ta ci naira dubu 500 a wata gasa, amma sai na tura dubu biyar na rajista da lambar da za ta shigo wayata. Daga wata uwar gida a Azare.

AMSA: Hajiya kin shiga wata gasa ne? In ba ki shiga ba to me kika ci? 'Yan damfara ne wallahi, kyautar gaske ba a biyan kuɗi kafin a karɓe ta, wannan lambar kuma da suke nema ita ce mabuɗin asusunki na banki ko na WhatsApp ɗin kanta, kina ba su za su kwashe kuɗin ko su ƙwace layin su fara roƙon 'yan uwanki da sunanki. Kar ki ba kowa BVN ko lambar sirrin katinki ko da ya ce daga banki yake, ki toshe lambar, in kuma kin riga kin tura musu wani abu to gobe da sassafe ki je bankinki da kanki a rufe katin.